Idan Girki Ya Fita Daga Ranki: Yadda Za Ki Koma Gindin Murhu da Marmari

Akwai wata damina, bayan na haifi ɗana na huɗu, da na wayi gari ba na ƙaunar ganin murhu. Ba faɗa muka yi da Malam ba, hatsi kuma bai ƙare a rumbu ba. Amma da an kira la'asar sai in ji jikina ya mutu, in zauna a bakin ƙofar ɗaki ina kallon duwatsun nan uku kamar masu bin ni bashi. Jiya tuwon dawa miyar kuka, yau shi, gobe ma shi. In tuƙa, in kwashe, in raba, ni kuwa loma biyu ta ishe ni. Ranar da aka samu 'yan canji sai in tura yara gidan mai awara ko mai taliya, in ce kowa ya ci ya kwanta. Kuɗin da zai yi mana cefanen kwana biyu ya tafi a dare ɗaya, yaran kuma tun kafin asuba sun fara juyi saboda yunwa.

Na daɗe ban gaya wa kowa ba, don a ƙauyenmu, nan gefen Ringim, macen da ta ce girki ya ishe ta sunanta ragguwa. Sai a wani gidan suna, da hira ta yi nisa, na tarar kusan duk wadda ke kan tabarmar nan ta taɓa shiga wannan hali, kowa dai ta rufe cikinta. Abin da zan faɗa miki a nan shi ne hanyar da na bi na fita, da abin da na tsinta a bakin manya.

Da farko, gano wane ɓangare ne ya ishe ki

Muna cewa "girki" kamar abu ɗaya ne, alhali aiki ne sama da goma a ƙunshe. Ɗebo ruwa, neman itace ko kara, surfe, wanke hatsi da shanya, kai niƙa inji, tankaɗe, dakan kayan miya, hura wuta, talge, tuƙi, kwasa, rabo, sannan wanke-wanke. Ga kuma wanda ba a gani da ido, wato tunanin "yau me za a ɗora?" da kuɗin da bai kai ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya hau, komai na kasuwa ya bi shi, mata da yawa suka koma kan miya ɗaya tilo ba don sun manta sauran ba.

Ki ɗauki kwana uku kina lura da kanki. A wane lokaci ne ranki yake ɓaci? In wajen hura wuta ne, matsalarki itace da hayaƙi ce. In wajen daka ne, ƙarfinki ne ya ragu ko aikin ya yi wa mutum ɗaya yawa. In kuwa sai kin gama kin ajiye kwano, aka cinye aka tashi ba wanda ya ce sannu, sannan abin yake tsaya miki a wuya, to maganinki yana wajen mutanen gida ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni da na lura, abu biyu ne nawa: jiƙaƙƙen itacen damina, da kuma ɗanɗano ɗaya kullum.

Sai dai kafin ki wuce nan, ki duba jikinki da gaske. In gajiyar ta haɗa da jiri, bugun zuciya, ko kika ja fatar idonki ta ƙasa kika ga ta yi fari fat, wataƙila jini ne ya yi ƙaranci, kuma hakan ya zama ruwan dare ga mai ciki da mai shayarwa. In kina jego kika ga ƙafa na kumbura, numfashi na sarƙewa in kin kwanta, kada ki kwana kan shawara, a kai ki asibiti. Haka kuma in ba girki kaɗai ba ne ya fita daga ranki, har hira da wanka da wasa da jariri, ga kuka ba dalili, ya kai mako biyu, wannan ciwon damuwa ne, yana da magani, ki faɗa wa ma'aikaciyar lafiya a asibitin da kike awo. Canjin miya ba ya warkar da waɗannan.

Na biyu, gyara wurin kafin ki gyara tukunya

Ba wanda zai yi marmarin wurin da yake sa shi hawaye kullum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida yana halaka kimanin mutum miliyan 3 a duk shekara, kuma mata da ƙananan yara su ne suka fi shaƙarsa. Wannan tarin da muke cewa na sanyi ne, sau da yawa na murhu ne.

Ki zaɓi rana ɗaya da safe, ki kwashe tokar da ta taru, ki share madafa tas, ki yayyafa ruwa. In madafar rufaffiya ce, a huda mata taga ta sama inda hayaƙi zai riƙa fita, in kuma ba ruwa ake ba, ki fito da murhun ƙarƙashin rumfa. Sannan ki kewaye duwatsun da laka. Jar ƙasa ake kwaɓawa da ƙaiƙayi, a gina kewaye daidai gindin tukunyarki, a bar ƙofa ɗaya ta sa itace da 'yar kafa a baya. A bar shi ya bushe sosai kafin a hura wuta. Iska ba za ta riƙa kwashe zafin ba, itace kaɗan zai yi aikin da mai yawa yake yi a da.

Itacen damina kuwa tun bazara ake tanadinsa, a jingine shi a inda ruwa ba ya taɓawa, ba a ƙasa ba. In marka ta riga ta same ki, ki riƙa jera na gobe a gefen murhu yau, zafin girkin dare zai busar da shi. Ki ɓoye ɗan damin busasshen kara da totuwar masara a ɗaki don kama wuta kawai. Leda kam a daina hura wuta da ita, hayaƙinta guba ne, kuma warinta na shiga abinci.

Ki samu 'yar kujera daidai tsayinki. Wannan ƙaramin abu ne, amma tsugunon awa biyu shi ke kawo ciwon bayan da ke sa ki tsani magariba.

Na uku, ki dafa wa bakinki

Tambayi kanki yaushe rabon da ki ɗora tukunya don abin da ke kike sha'awa. Mu mata mun saba da "Malam ba ya son kaza, yara ba sa cin kaza," har mu manta mu ma muna da harshe. Rannan da nake cikin wannan hali, Goggona ta zo duba jariri, ta ga na tura kwanon tuwo gefe. Ta ce, "Ke 'yar nan, da kina gidanmu me kika fi so?" Na ce kwaɗon rama. Ba ta ƙara magana ba, ta zaga bayan gida ta tsinko, ta dafa ta matse, ta daka ƙuli-ƙuli da barkono da gishiri, ta yanka albasa da ɗanyen tumatir, ta ɗiga mai. Muka zauna mu biyu muka ci da hannu a kwano ɗaya. Tsamin nan da ya taɓa min harshe, shi ne abu na farko da na ji daɗinsa a cikin wata biyu.

To ke ma ki yi haka. Ƙaramar tukunya, da hantsi, lokacin da gida ya yi shiru. Ko faten tsaki ne da yakuwa, ko ɗan wake, ko dafaffen rogo da yajin ƙuli. Kada ki jira sai marmari ya zo sannan ki tashi. A wajena, sai da hannu ya fara aiki, ƙamshi ya tashi, sannan marmarin ya biyo baya.

Na huɗu, miyar da kika gaji da ita, ki sake mata hannu

A nan zan daɗe, don miyar kuka ba inda za ta je. Ita ce mai rufin asiri, musamman a watan Agusta in rumbu ya yi ƙasa. Abin da ya gundure mu ba kukar ba ce, yadda muke yin ta a gurguje ne: ruwa, daddawa, dunƙule, gishiri, a kaɗa a sauke.

Ga yadda nake yi yanzu. Tun da rana nake jiƙa wake cikin gwangwanin madara ɗaya, in murje shi in cire ɓawon, in ɗan farfasa a turmi. Shi nake fara zubawa a ruwan miya, ya yi ta dahuwa har ya narke ba a ganinsa. Wannan waken shi ke ba miya jiki da gardi, kuma yana tsaya wa yara a ciki a ranar da ba nama. Daddawa kuwa ba na jefa ta haka nan. Ina daka ta da citta, masoro, 'yar kimba, busasshen barkono da albasa, har su zama abu ɗaya. In akwai busasshen kifi, ko guda ɗaya ne irin na Haɗeja, in gyara shi in cire ƙaya in daka rabi a ciki, rabin in ajiye na gobe. Sai in bar tukunyar ta yi ta tafasa har warin ɗanyar daddawa ya tafi, ƙamshi ya maye gurbinsa. Nan ne mafi yawanmu muke gaggawa, kuma nan ne miya take samun daɗinta ko ta rasa.

Sai a janye itace, wuta ta yi ƙasa, a riƙa barbaɗa kuka kaɗan-kaɗan da hannun hagu, dama na kaɗawa da maburgi. In kika zuba da yawa lokaci ɗaya za ta yi gudaji. Kada ki bar ta ta daɗe a wuta bayan kin kaɗa, 'yan mintuna sun isa. Kukar ma ki duba: wadda aka shanya a inuwa kore ce shar, wadda rana ta ƙone ta ta koma ruwan ƙasa, ɗanɗanonta ya tafi. A ƙarshe, in Allah ya hore man shanu ko cokali ɗaya ne, ki soya shi da albasa har ta yi ja, ki zuba a kan miyar kowa a kwanonsa. Daren da na fara yin haka, babban ɗana ya ɗago kai ya ce, "Umma, baƙi za mu yi ne?"

Bayan kuka, ki tuna da 'yan uwanta da muka yi wa ƙaura. Busasshiyar kuɓewa, karkashi, miyar zogale da gyaɗa, miyar yakuwa, miyar wake, da taushe in kabewa ta nuna da kaka. Ba sai kin canza komai a mako ɗaya ba. Miya ɗaya sabuwa a mako ta isa a fara.

Na biyar, ranar shiri

Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ke kashe gwiwa shi ne a ce ƙarfe biyar na yamma ne za ki fara neman turmi. Ki ɗaura shirinki a kan ranar kasuwar da ke kusa da ku. Mu nan Gujungu ce, ranar Lahadi. Mutanen Maigatari tasu Alhamis, na Wudil Juma'a, na Dambatta su ma Lahadi. Daren jajibirin kasuwa ki zauna ki lissafa abin da mako zai ci, ki faɗa wa mai zuwa cefane dalla-dalla, in da mai rubutu a gidan a rubuta. Sayen daddawa, citta da barkono na mako gaba ɗaya ya fi sauƙi a kan ƙulle-ƙullen da ake saya kullum a shagon unguwa.

Washegarin kasuwa ita ce ranar aiki. A surfa hatsin mako, a wanke, a shanya ya bushe ƙarau, a kai inji sau ɗaya. Ki ce wa mai inji ya raba: kashi ɗaya gari, kashi ɗaya ɓarzo don tsaki. Garin ki baza shi ya huce kafin ki rufe, in ba haka ba zai yi gumi ya yi tsami. A ranar ne kuma za ki daka haɗin daddawa da kayan ƙamshi na mako, ki shanya, ki zuba a gwangwani mai murfi. Ki daka yaji. Ki soya gyaɗa, amma ki tsince duk wadda ta yi fumfuna ko ta yi baƙi ki zubar, don irin wannan tana da gubar da ke lalata hanta, kuma wuta ba ta kashe ta.

Shekara ma tana da ranar shirinta. Da rani, lokacin da tumatirin Kadawa da Kura da fadamun Haɗeja ya cika kasuwa ya yi araha, a yanka a shanya a yi kauɗa, haka tattasai da attaruhu. Da damina a shanya zogale, rama, yakuwa da kuɓewa, ganye a inuwa, a kan tabarma mai tsabta inda kaji ba sa kaiwa. Macen da ke da waɗannan a rataye ba ta tsayawa tana tunanin abin miya.

Na shida, hatsi ɗaya, fuska da yawa

Tsakin nan da kika sa aka ɓarza, shi ne zai fitar da ke daga tuwo kullum. Dambu: ki wanke tsaki ki tsane, ki turara a madambaci har ya yi laushi, ki juye a roba, ki yayyafa ruwa kaɗan, ki zuba zogale, albasa, dakakkiyar gyaɗa, attaruhu da gishiri, ki cakuɗa, ki mayar ya sake turara. A ci da mai da yaji. Fate kuwa tukunya ɗaya ce, ba tuƙi ba kwasa, ruwan miya da wake da gyaɗa, a zuba tsaki, ganye ya shiga a ƙarshe.

Ɗan wake ma ba ya cin lokaci in garin yana ajiye: garin wake da na rogo, kuka kaɗan, ruwan kanwa, a kwaɓa, a riƙa jefawa a tafasasshen ruwa, in ya taso ya ƙara 'yan mintuna a tsame a ruwan sanyi. Kanwar dai a yi hankali da ita, kaɗan ake so.

Ni yanzu dare uku ko huɗu ne na tuwo a mako, kowanne da miyarsa, saura dambu, fate, shinkafa da wake. Ranar Juma'a nake ɗan ƙoƙartawa fiye da kullum. Ban ce ki kwafi nawa ba, kowane gida da abin da rumbunsa ya ɗauka. Amfanin tsarin kawai shi ne kin huta da tambayar "me za a ɗora?"

Wata dabara ga wake, wanda shi ne babban mai cin itace: ki jiƙa shi tun dare. Da safe ki ɗora ya tafasa sosai kamar minti 20, ki sauke da murfinsa a rufe, ki naɗe tukunyar da tsohon bargo, ki sa a cikin kwando ki danne. Bayan awa biyu zuwa uku za ki tarar ya nuna da zafin kansa. Ki sake ɗora shi ya tafasa kafin a ci. Haka ɗumamen safe, a tabbata ya yi zafi har tsakiyarsa, miyar kuma ta tafasa, musamman da bazara da abinci ke saurin lalacewa.

Na bakwai, ki buɗe baki

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wannan matakin ya fi min wuya, don ban saba roƙo ba. Na jira dare ɗaya bayan Malam ya ci ya sha ruwa, ba a gaban yara ba, na ce, "Malam, ina da magana in ba za ka gaji ba. Itacen nan yana cin idona, kuma ina so in riƙa canza muku abinci. In za a riƙa ba ni kuɗin cefane na mako a dunƙule ranar kasuwa, zan fi iya juya shi." Bai amsa a take ba. Amma Lahadin da ta biyo baya ya dawo da kabewa da ƙullin citta ban tambaya ba. Ki faɗi abin da kike so a yi, ƙarara, abu ɗaya ko biyu. Dogon ƙorafi kunne yake toshewa.

Ku kuma maza da kuke karanta wannan, "sannu da aiki" ba ta cin ko sisi. Wadda ta yini a hayaƙi tana jin ta har cikin ƙashinta, rashinta ma haka.

Yara su ɗauki rabonsu, maza da mata. Namiji ya ɗebo ruwa, ya faskara itace, ya kai niƙa, ba abin da zai rage masa. In kuna da abokiyar zama kuma akwai fahimta, ku haɗa surfe da niƙa ko da kowa da ranar girkinta. Ni da maƙwabciyata muna musayar kwano ta kan katanga: ranar da ta yi taushe ta miƙo min, ranar da na yi dambu in miƙa mata. Daga bakinta na koyi sa daddawar batso a miyar yakuwa. In da wata tsohuwa a unguwarku da aka san ta da iya waina ko alkubus, ki je ki ce, "Inna, koya min za ki yi." Ban taɓa ganin wadda ta ƙi ba.

Ranar da abin ya dawo

Zai dawo, kada ki yi mamaki. Ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi, ko aka yini a gona ana cirar gyaɗa, ba za ki so ganin muciya ba. Don irin wannan rana ki ware abinci biyu da ba sa wuce rabin awa, kayan su kasance a ajiye ba a taɓawa sai ita. Nawa su ne ɗan wake da kuma kunun tsamiya mai kauri da ƙuli-ƙuli, da kaka kuma dafaffen dankali da yaji. Garin ɗan waken yana cikin wani tsohon bokitin fenti mai murfi a ƙarƙashin gadona, ƙullin kanwa da na kuka a samansa, duk ranar shiri nake duba ko ya yi ƙasa in ƙara.